Man Kaɗe Daga Tamale Zuwa Turai: Yadda Ƙaramar Sana'a Ke Ƙetare Iyaka

Jama'a da dama a zangunanmu suna ɗauka cewa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje aikin manyan attajirai ne kawai. Labarin man kaɗe a arewacin Gana ya nuna ba haka abin yake ba.

Tun kaka da kakanni mata ke tsintar 'ya'yan kaɗanya a farkon damina, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, sannan su fitar da mai. A kasuwar ƙauye, lokacin da kowa ya kawo nasa sai farashi ya karye. Wannan shi ne dalili na farko da ke sa mai ƙaramar sana'a ya leƙa waje: kasuwar gida ta cika. Dalili na biyu shi ne kuɗi. A 2022 darajar sidi ta faɗi ƙwarai, amma wanda ake biyansa da dala bai ji jiki kamar sauran ba.

To, ta yaya ake isa can? A 1994 kamfanin The Body Shop na Ingila ya fara sayen man kaɗe daga ƙungiyar mata ta Tungteiya da ke yankin Tamale. Mace ɗaya ba za ta iya cika kwantena ba, amma mata ɗaruruwa sun iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haɗin kai ne ya ba su bakin yin ciniki, ya kuma sa suka riƙa aiki iri ɗaya.

Bayan haɗin kai sai inganci. Mai saye a Turai ba ya ganin fuskarki, samfur yake gani. Idan man ya yi ƙauri, ko da ruwa ko datti a ciki, zai mayar da shi. Idan kuma aka yi alkawarin kaya za su isa tashar jiragen ruwa ta Tema a wata kaza, dole a cika. Saɓa alkawari sau ɗaya yana iya rufe ƙofar shekaru.

Dokoki ma suna buɗe hanya. A 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayuka, har da man kaɗe, cikin cakulan, muddin ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba, sai buƙata ta ƙaru. A 2021 kuma aka soma ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda hedkwatarta ke Accra. Saboda haka ba lallai sai Turai ba. Kenya ko Masar ma kasuwa ce.

Sai dai akwai abin lura. Kaso mai yawa na abin da ake fitarwa ɗanyen 'ya'yan kaɗanya ne, ribar sarrafawa kuwa tana tafiya wajen wasu. Shi ya sa Burkina Faso a 2024, da Nijeriya a 2025, suka dakatar da fitar da ɗanyen.

Kakanninmu fatake sun zo Salaga neman goro da jakuna, amana ce jarinsu. Masu ɗinki, jima da saƙa a zango su yi rajistar ƙungiya, su riƙa rubuta lissafi, su nemi shawarar hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Gana kafin su karɓi oda daga waje.