Injin Gwanjo Don A-kori-kurar Baba

Jama'a, a nan Houston da a-kori-kurar Baba muke ci, Silverado ƙirar 2004. Da injinta ya buga, sabo ya fi ƙarfinmu, sai na nufi makabartar motoci neman mai lita 5.3.

Kawu bakanike ya ce in nemi wadda aka daka ta baya, don da lafiyarta hatsari ya same ta. Na gwada harafi na takwas na lambar VIN da namu, shi ke nuna irin injin. Na leƙa baƙin mai: in ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a gudu kawai.

Ɗan'uwa, kafin ka biya, karɓi garanti a rubuce. Tsohon injin kuma kai musu, su maido maka kuɗin ajiya.