Hular Jariri Kafin Hunturu

Da zarar an kai dawa rumbu, iskar hunturu ta taso, mukan ga uwaye suna shigowa sujadar safe da jarirai a goye. An naɗe jiki da zane biyu ko uku, amma kai yana waje. A ƙasar Jos, inda ɗarin Disamba da Janairu ke shiga har ƙashi, wannan abin dubawa ne. Kan jariri kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, ta nan kuwa ɗumi mai yawa yakan fita. Bakwaini ya fi kowa shiga hatsari, gama ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi.

Maganin yana hannunmu. Ƙwallon zaren ulu ɗaya mai taushi, da kwarashi mai lamba 5, da almakashi, sun isa. Ko wadda ba ta taɓa saƙa ba za ta iya.

Ki ɗaura zarge a bakin kwarashi, ki yi sarƙa 4, ki haɗa ta ƙarshe da ta fari. Ga zobe ya samu. Sauran aikin duk saƙa iri ɗaya ce, wadda za mu kira "sanda". Ga yadda ake yinta: ki naɗa zare a kwarashi sau ɗaya, ki zura cikin zoben, ki jawo zare. Yanzu zare uku ke kan kwarashi. Ki naɗa, ki jawo ta cikin biyu. Ki sāke naɗawa, ki jawo ta cikin biyun da suka rage. Sanda ɗaya ke nan.

A zagaye na fari ki yi sanda 12 cikin zoben. A na biyu, sanda biyu bisa kan kowace ɗaya, su zama 24. A na uku, ɗaya a nan, biyu a ta gaba, har su zama 36. Kowane zagaye ki fara shi da sarƙa 2, ki rufe shi da haɗa ƙarshe da fari. Yanzu abin ya yi kama da ɗan faifai, faɗinsa wajen inci 4. Daga nan kada ki ƙara kome. Sanda ɗaya bisa ɗaya, za ki ga bakin ya lanƙwaso da kansa kamar ƙoƙo. Sa'ad da tsawon ya kai inci 5 daga tsakiya, ki yanke zare, ki ɗaure, ki ɓoye jelar a ciki.

Idan faifan ya yi ta murɗewa, kin ƙara sanda fiye da kima. Ki warware, ba hasara, zaren yana nan. Kada ki sa igiya ko maɓalli, domin kada su shaƙe yaro. Hula ta fita waje ce da ɗaki mai sanyi. In ɗaki da ɗumi, yaro zai yi barci, a cire masa. Na bakwaini kuwa, a bi abin da ma'aikatan asibiti suka faɗa.

Cikin Ayyukan Manzanni sura 9 mun karanta labarin Dokas ta Yafa. Da ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Ba a rubuta mana kalma ɗaya da ta faɗa ba, aikin hannunta ne ya yi shaida.

Saboda haka muna roƙon kowace Zumuntar Mata ta keɓe yamma ɗaya kafin sanyi ya sauka. Waɗanda suka iya su zauna kusa da masu koyo. A ƙirga masu juna biyu na unguwa, na ikilisiya da maƙwabta duka, kada jariri ko ɗaya ya iso bai tarar da hularsa ba.