Tsoffin Gidajen Tasawa Da Mayahi: Darasin Da Ke Ƙofar Gida

Ɗan lakwal a Tasawa yana iya haddace tarihin Faransa, amma bai san wanda ya gina zauren kakansa ba. Alhali garin na da tarihi: Turawan mulki sun zauna da ofishinsu a Tasawa kafin su mayar da shi Maradi a 1927, kuma takardun zamanin suna ajiye a gidan adana takardun ƙasa da ke Yamai.

Sai dai takarda ba ta faɗin komai. Malami zai iya tura ɗalibai wurin tsoffin magina su ga yadda ake murza tubali da jera azara. A Mayahi kuwa, matan da ke saƙa tabarma da kabar Gulbin Kaba sun san bukkokin dā da rumbunansu.

'Yan kasuwa, abin ya shafe ku. Rigimar gado da ta iyakar fili takan taso ne bayan dattijon da ya san asalin gida ya rasu. Yau bulo da kwano suna maye gurbin soraye. Idan yaro ya zo da littafi yana tambaya, uwa ki zaunar da shi, ki ba shi labari ya rubuta.