Gargaɗi: Gara Na Cin Littattafan 'Ya'yanmu, Makullin Laburare Na Aljihu

Wannan gargaɗi ne ga iyaye, da shugabannin makarantu, da 'yan kwamitin kula da makaranta, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da duk mai ɗa ko jika a makarantar gwamnati ko ta kuɗi. Bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kafin ruwan fari ya sauka, a je a buɗe ɗakin nan da aka rubuta wa "laburare" a ƙofa, a ga abin da ke ciki, sannan a tambayi sunan wanda aka damƙa wa shi. In aka shiga kame-kame wajen faɗin suna, to akwai ɓarna, kuma ba ƙarama ba.

Kwanan baya na raka wani ɗan'uwana wata sakandaren gwamnati, zai mayar da 'yarsa can. Bayan an gama cike takardu sai na roƙi a nuna mana laburare. Aka ce makulli na hannun mataimakin shugaba, shi kuma ya tafi ofishin shiyya. Muka zauna gindin darbejiya har ya dawo. Da aka tura ƙofa, warin danshi ne ya fara yi mana maraba. Ga buhunan siminti, ga karyayyun bencina, ga gangunan fareti. A kusurwa kwalaye ne na sababbin littattafai, ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a yanke ba. Gara ta gina hanyarta daga daɓe har kanta ta uku. Na zaro wani kwafin Magana Jari Ce, sai bango ya biyo hannuna, cikin ya zube ƙasa kamar dusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke kula da nan?" Ya ce, "Malamin ya yi ritaya, ba a turo mana wani ba." Na ce tun yaushe? Ya ce, "Kai, an kwana biyu."

Wanda duk ya saba shiga makarantunmu ya san ba wannan makaranta kaɗai ba ce. Ba da sanarwa ake kashe laburare ba. Mai kula da shi zai yi ritaya ko a yi masa canjin wurin aiki, sai a ce malamin Turanci ya riƙa leƙawa, alhali yana da aji shida da yake fama da su. Ɗalibai su yi yawa, a ari ɗakin a yi aji "na ɗan lokaci." Daga nan sai sito.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wato tsoro. Shugaban makaranta na gudun ranar da masu bincike za su zo a ƙirga littattafai a tarar babu goma. Wa za a kama? Sai ya ga gara a kulle su, lissafi ya cika. To lissafi na cika a takarda, gara kuwa ba ta sa hannu a rajista. Littafin da ya yage a hannun yara ya biya kuɗinsa. Wanda ya ruɓe a kwali shi ne asara.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin malamin laburare shi ne gadin ƙofa da cewa "a yi shiru." Ba haka ba ne. Shi ne ke karɓar littafi ya buga masa hatimi, ya shigar da shi rajista, ya ba shi lamba, ya ajiye shi inda yaro ɗan aji uku zai iya samunsa da kansa. Wannan ma ƙaramin aikin ke nan. Babban shi ne sanin yaro da sanin littafi, da haɗa su. Malamin aji na da yara tamanin ko ɗari a gabansa da manhaja da take korarsa. Ba shi da sukunin lura da cewa yarinyar can ta baya tana motsa leɓe ne kawai, ba karatu take ba. Malamin laburare na ganin wannan, don yana ganin wane littafi ta ɗauka, shafi nawa ta buɗe, da yadda ta mayar da shi da sauri. Sai ya miƙa mata wanda ya fi sauƙi, mai hotuna, da Hausa, ba tare da ya kunyata ta gaban ƙawaye ba. Mako na zagayowa ya tambaye ta yadda labarin ya ƙare. Wanda kuma ya cinye duk abin da ke kantar 'yan ajinsa, a tura shi gaba. Malamin kimiyya ya zo neman abin da zai ƙara wa darasinsa, a ciro masa. 'Yan muhawara da kacici-kacici su zo, a koya musu yadda ake neman hujja. Kai, hatta ɗinke bangon da ya ɓalle da zare da gam aikinsa ne.

Kada a ce wannan ƙawa ce ta makarantun masu hali. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya nuna kusan yaro ɗaya ne cikin huɗu, a tsakanin 'yan shekara 7 zuwa 14 a Nijeriya, ke iya karatu na matakin tushe. Wannan kuwa jimillar ƙasa ce baki ɗaya, kuma mun san mu 'yan Arewa ba mu ne a sahun gaba ba. Yaro ba ya iya karatu da allon aji kaɗai, kamar yadda ba a iya keke da kallon mai tuƙi. Sai ya yi ta karantawa. A gidajenmu da dama kuwa, in ka ɗauke Alƙur'ani da littattafan islamiyya, babu wani abin karantawa. In makaranta ta kulle nata, ina zai samu?

Abin takaicin shi ne ba baƙon abu ake roƙo ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabuntawa, ta ɗora wa duk mai makaranta samar da laburare mai aiki da horar da masu kula da shi. Akwai hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista tun dokar 1995. A nan Arewa, tun 1963 wani masani mai suna F. A. Sharr ya rubuta rahoto kan buƙatun laburare na Jihar Arewa, a 1968 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da wannan fanni. Jami'ar Bayero ma na yaye ma'aikatan laburare. Suna nan da takardunsu, wasu na sayar da katin waya, yayin da ɗakunan da aka horar da su dominsu ke ajiye siminti.

Kuma mu ba mutanen da suka ƙi karatu ba ne, duk da abin da ake yawan faɗa. Gasar rubutu ta 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, ana karanta wa jama'a ita a zaure. A shekarun 1990 matan aure da 'yan mata sun riƙa biyan kuɗin hayar littattafan Hausa a shagunan unguwa, su karanta su mayar. Mai shagon nan, da ɗan littafinsa na rubuta sunayen masu haya, ya fi wasu makarantunmu na yau sanin aikin laburare.

Na san za a ce ai yanzu zamanin waya ne, komai na intanet. Wannan ma hujja ce a kanmu. Yaron da bai iya karanta shafi ɗaya na takarda ba, abin da zai yi da waya sai kallo da sauraro. Wanda ya iya kuwa yana buƙatar mai nuna masa yadda ake rarrabe labari da ƙanzon kurege. Makarantun da aka kai wa kwamfutoci ba tare da mai kula ba, a je a duba: suna lulluɓe a ɗaki guda da littattafan, ƙura ɗaya suke sha.

Don haka, iyaye, a taronku na gaba da malamai kada a tsaya kan kuɗin alli da gyaran ban-ɗaki. Ku ce a buɗe muku laburare ku gani da idonku. A fitar da kayan sito. A ɗaga kwalaye daga ƙasa, a janye kantoci daga jikin bango, a toshe inda kwano ke yoyo, a sa maganin gara tun ba ta gama ba. Abin da ya jiƙe a shanya shi a inuwa. Shugabannin makarantu, ku rubuta wa hukuma takardar neman ma'aikacin laburare, ku ajiye kwafi, ku sake rubutawa in an yi shiru. Kafin a turo, a zaɓi malami ɗaya mai son karatu, a rage masa darussa na gaske, a ba shi makulli a hannunsa, a kuma sa wa kowane aji lokacin laburare a jadawali. A yarda yara su ari littafi su kai gida, a kuma rubuta a ƙa'ida cewa ba za a ci malamin tara ba don kaɗan sun tsufa ko sun salwanta ta wannan hanya.

Masu ba da gudummawa, 'yan siyasa da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, Allah ya saka da alheri. Amma kafin ku sauke kwali a ɗauki hoto, ku tambayi wanda zai buɗe shi. Hukumomin ilimi na jihohi, in za a ɗauki sababbin malamai, a ware wa laburare gurbi da sunansa.

Wanda wannan takarda ta iso hannunsa, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa, sannan ranar Litinin ya bi ɗansa makaranta ya tambayi inda makullin yake.