Tambarin LV: Don Maganin Masu Jabu Aka Yi Shi

Yau zancen tambarin LV zan yi muku.

Louis Vuitton akwatunan tafiya ya fara ƙerawa a Paris a 1854. Da kayansa suka karɓu, sai masu kwaikwayo suka sa shi a gaba. Ya koma zane mai ratsi-ratsi, suka kwafa. A 1888 aka fito da mai gidan dara, suka sake bi. Bayan rasuwarsa, ɗansa Georges ya haɗa L da V da 'yan furanni a 1896, don a gane na asali.

To fa, yau da wuya ka ga tambarin da ake buga jabunsa kamar wannan. Ni a ganina, tun daga nesa ake gane shi, abin da mai jabu ke nema ke nan.