Itacen mangurob da tarbiyyar matasa wajen kāre gaɓar teku: misalin ƙasar Senegal

1. Gabatarwa

Cikin wannan ƙasida za mu duba yadda ƙasar Senegal take fama da zaizayar gaɓar teku. Binciken Bankin Duniya na 2019 ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa ta jawo wa Benin, Kwaddibuwa, Senegal da Togo asarar dala miliyar 3,8 a shekara ta 2017. Ra'ayinmu shi ne: aikin kāriya ba ya ɗorewa sai an bi ɗabi'ar ruwa da ƙasa, kuma wannan sanin ne ya kamata a koya wa matasa.

2. Darasin birnin Saint-Louis

Tsakanin kogin Senegal da teku akwai wani siririn tudun rairayi da ake kira Langue de Barbarie. A watan Oktoba na 2003, da ambaliya ta yi wa birnin barazana, magabata suka sa aka yanka mashigi mai faɗin mita 4 don ruwan kogi ya samu mafita. Birnin ya tsira a wannan shekara. Amma igiyar teku ta ci gaba da cin rairayin har mashigin ya kai kilomita da dama, ruwan gishiri ya shiga gonaki, mutanen ƙauyen Doun Baba Dièye suka tashi. An yi maganin matsalar yini ɗaya, ba a lissafa tafiyar rairayi ba.

3. Aikin itacen mangurob

Mangurob, wato palétuvier da faransanci, itace ne mai tsirowa cikin taɓo inda ruwan kogi yake gamuwa da na teku. Saiwoyinsa suna riƙe laka, suna karya ƙarfin igiya, suna zama maɓoyar ƙananan kifaye, suna kuma tare gishiri daga fadamun shinkafa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwan daɗi a Kazamansa da Salum, gishiri ya yi yawa, itatuwa suka mutu. Saran itacen wuta da hanyoyin mota da suka toshe magudanan ruwa suka ƙara ɓarna.

A 2006 ƙungiyar Océanium, a ƙarƙashin Haïdar El Ali, ta soma dashe tare da mutanen ƙauyen Tobor a Kazamansa. Dabarar mai sauƙi ce. Irin jinsin Rhizophora yana tsira tun yana bisa uwarsa, don haka ana tsinto shi da damina a kafa shi cikin taɓo. Cikin ƴan shekaru ƙauyuka ɗaruruwa suka dasa miliyoyin iri.

Sai dai yawan dashe ba shi ne nasara ba. Rhizophora yana son wurin da ruwan teku yake rufewa yana janyewa kullum. Idan aka kafa shi a faƙon gishiri, abin da ake kira tanne, bushewa yake yi. Jinsin Avicennia ya fi shi jure gishiri. Wani lokaci buɗe magudanar da ta toshe ya fi dashe amfani, domin irin yakan zo da kansa bisa ruwa.

4. Matsayin matasa

Yara da samari suna cikin masu tsinto iri da dasawa. Tambayar da muke yi ita ce: me suke koyo? Idan an sa su ƙidayar abin da aka dasa kaɗai, sun zama ƴan ƙwadago. Idan an koya musu auna gishirin ruwa, lura da iyakar cikowar teku, da komawa bayan shekara a ƙidaya abin da ya rayu, sun zama masu lura da muhallinsu. Tsarin PFIE na ƙungiyar CILSS, wanda ya shigar da ilimin muhalli cikin makarantun firamare a shekarun 1990, ya haɗa da Senegal da Nijar duka. Tubalin yana nan, ginawa ta rage.

5. Kammalawa

Ƙasarmu ba ta da teku, amma darasin ba baƙo ba ne. A yankin Maradi, tun shekarun 1980, renon tohon kututture a gona ya maido da itatuwa inda dashen gandu ya sha kāsawa. A gaɓa ko a tudu, mai gyara yana farawa da tambayar abin da ƙasa take iya rayarwa da kanta. Muna ba ɗalibanmu shawarar su mai da bincikensu ga wannan ma'auni: itace nawa ya rayu bayan shekara 5, kuma wa yake kula da shi.