Talabijin A Malanville: Wa Ke Da Tashar, Wa Ke Da Muryar?

Duk wanda ya kunna akwatin talabijin a Malanville ya san cewa hotunan daga nesa suke zuwa. Wasu daga Kwatano, mai nisan fiye da kilomita 700, wasu kuma daga Yamai, ta ƙetaren kogin Kwara. To, su wane ne masu waɗannan tashoshi, kuma yaya aka yi suka kafu?

Talabijin ta fara aiki a ƙasar Binin ran 31 ga Disamba 1978, zamanin mulkin Mathieu Kérékou. Tasha ɗaya ce tak, ta hukumar ORTB, mallakar gwamnati, kuma abin da gwamnati ta so shi ake faɗi. A ƙetare kuwa, Nijar ta buɗe Télé Sahel a 1979, wadda ke ba da labarai da Hausa da Zabarmanci. Shi ya sa magidanta da yawa a bakin iyaka suka juya eriyarsu wajen Gaya, domin kowa ya fi son ya ji labari da harshen uwarsa.

Al'amura sun sake bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 1990. Sabon tsarin mulki ya tanadi hukumar HAAC mai sa ido kan kafofin watsa labarai, sa'an nan dokar 1997 ta ba masu zaman kansu damar buɗe tasha. Christian Lagnidé ne ya fara da LC2. Bayansa Golfe TV ta Ismaël Soumanou ta zo, sai kuma Canal 3 ta Alhaji Issa Salifou, ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa, wanda ya wakilci mazaɓar Kandi da Malanville da Karimama a majalisar dokoki. Ke nan ɗaya daga cikin manyan tashoshin ƙasa tana da alaƙa da wannan yanki, amma ɗakin watsa shirinta yana can kudu, kuma Faransanci ne ya fi yawa a cikinta.

Mallakar tasha ba ta hana a rufe ta. A 2016 HAAC ta dakatar da Sikka TV ta Sébastien Ajavon tare da wasu tashoshi. A watan Agusta 2023 ta dakatar da Golfe TV, bisa zargin goyon bayan juyin mulkin Nijar. A daidai lokacin an rufe gadar Malanville, motoci sun yi jerin gwano, 'yan kasuwa da direbobi suna neman labarin abin da ya shafi tukunyarsu. A shekarar nan ce kuma gwamnati ta mai da ORTB kamfani mai suna SRTB, wanda shi ma nata ne.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, mai tasha shi ke zaɓen labari, shi ke zaɓen harshe. In na gwamnati ne, da manufarsa. In na ɗan siyasa ne, da tasa. Don haka mai kallo ya riƙa tambayar wa ke magana kafin ya gaskata. Su kuma attajiranmu da ƙungiyoyinmu, doka ta ba su damar neman izini wajen HAAC, ko su sayi lokaci a tashoshin da ke akwai domin shirin Hausa. Farashin albasa da shinkafa a kasuwar Malanville, da halin da gada take ciki, labarai ne da ya kamata a ji su daga bakin mutanen garin.